Abin da Afiniki Take Shafawa

Baba Yafet na Fadan Kagoma ya san citta kamar yadda ya san sunansa. In ka miƙa masa saiwa ɗaya ya karya ya shinshina, zai gaya maka ko a tudu ta tashi ko a bakin rafi, ko mai gonar ya lulluɓe ta da ciyawa a kan kari ko ya tsaya lalaci. A nan kam ba mai ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a ganinsa duk wani abu mai amfani da Allah ya binne a ƙasa, in ba citta ba ne to ƙanenta ne. Mura, citta. Ciwon baya, citta. Akuya ta ƙi kiwo, a jiƙa mata citta. Matarsa Afiniki takan ce da za a ba shi wa'azi ranar Lahadi, da citta zai buɗe, da citta zai rufe, jama'a su tashi suna atishawa.

Shekara guda ke nan da rasuwar Afiniki, kuma Lahadi mai zuwa za a yi sujadar tunawa da ita. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana ba Zumuntar Mata waƙa a cocinsu, ita ke tsayawa gaba ta ɗauko, sauran su amsa. Akwai wata waƙa da ta tsara da kanta tana zaune tana tsaga citta a tsakar gida, wadda tun ranar jana'izarta ba a sake rerawa ba, domin duk wadda ta ɗauko ta sai muryarta ta karye a layi na biyu. Sai matan suka yanke shawara cewa Hulda ce za ta ba da ita ranar, autar Afiniki, wadda ke koyarwa a wata firamare a Kafanchan. Ba su yi zaɓen banza ba. Muryar Hulda ta uwarta ce sak. In tana magana daga bayan ɗaki, Baba Yafet yakan ajiye abin da ke hannunsa ya kasa kunne, sai daga baya ya tuna.

Bai faɗa wa kowa ba, amma tun da aka sa ranar ba shi da wani buri a duniya sai wannan: ya sake jin waƙar nan sau ɗaya cikin wannan muryar. In Hulda ba ta yi ba, Mama Dinah ce za ta yi, uwar zumunta, aminiyar Afiniki tun suna 'yan mata. Mama Dinah mutuniyar kirki ce, duk garin an shaida. Amma muryarta ta fi dacewa da kiran awaki daga ƙetaren rafi.

Ranar Laraba da hantsi mai mashin ya sauke Hulda a ƙofar gida. Baba Yafet ya fito da murna, sai ya yi turus. Ta rufe hanci da baki da takunkumi irin na lokacin korona, ta jawo ɗankwali har kan gira, ba abin da ake gani sai ido biyu.

Ya ce, "Auta, cutan nan ya dawo ne a Kafanchan?"

Ta wuce ɗaki ya bi ta, ta turo ƙofa. Sannan ta cire takunkumin. Ƙuraje ne suka fito mata a goshi da kumatu da haɓa, wasu jajaye, wasu sun yi farin kai. Ya dube ta, ya sake dubawa, yana jiran ta nuna masa abin da ya faru.

"Baba, ba ka gani ba ne?"

"Na gani. Ƙuraje ne. Suna ciwo?"

"Ba maganan ciwo ba ne." Ta zauna a bakin gado. "Ni dai na zo ne in gaya maka da bakina. Zan zo sujada, zan zauna a baya. Amma ba zan tsaya a gaba ba. Kowa zai ɗaga waya yana bidiyo, kafin Fasto ya ce amin an sa ni a Fesbuk. Yaran ajina ma sun fara ƙirga su in na juya daga allo."

Ya tambaye ta ko ta nemi magani, sai ta shiga lissafa masa. Wata malama a makarantarsu ta ce ta shafa man goge baki ta kwana da shi, ta shafa, ta tashi fuskar na ƙamshin na'ana'a, ƙurajen na nan. Maƙwabciyarta ta ce lemon tsami, ya yi mata zafi ya tafi. Ta tafasa ganyen dogon yaro ta yi surace har ta ji ɗacinsa a maƙogwaro. Ta yi sabulun salo, ta yi farin ƙwai, ta yanka tumatir ta manna a kumatu kamar za a soya ta. Wata a waya ta ce a daina cin gyaɗa, ta daina, abin da ta samu kawai shi ne kewar gyaɗa.

"Kowane ɗaya na gwada sai su ƙara fitowa, kamar ina zuba masu taki. Mama Dinah ta yi waƙan kawai."

Baba Yafet ya fita ya zauna a gindin mangwaro. Shi ba mai iya lallashi ba ne, wannan aikin Afiniki ne. Da tana nan da magana uku za ta yi, yarinyar ta share hawaye ta tashi. Yana cikin wannan tunani idonsa ya sauka a kan ƙaramin dutsen niƙan da ke jingine a bayan kicin, wanda ba a taɓa ba tun bara. Sai wani abu ya faɗo masa.

Kowace Asabar da yamma, tun suna sabon aure, Afiniki takan zauna a wurin nan ta niƙa wani abu a kan dutsen, ta kwaɓa da zuma, ta shafe fuskarta, ta zauna tana tsince acca har ya bushe. In ya leƙo takan kore shi ta ce harkar mata ce. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba, ya ɗauka kwalliyar Lahadi ce. Amma ya ga abin da take niƙawa, da idonsa ya gani: wata saiwa ce siririya mai yatsu-yatsu. To, a ƙasar Kagoma, saiwa mai yatsu-yatsu wace ce? Ya buga cinya. Shekara talatin da takwas matarsa na amfani da citta a fuska, fuskarta sumul kamar ta jariri, kuma tana yi masa dariya a kan citta. Ya girgiza kai yana murmushi, ya ji kamar ya kama ta da hannu cikin tukunya.

Washegari da sassafe ya saɓi ƙaramar fartanya ya nufi gona. Tun shekarar da cuta ta cinye cittar yankin, ya keɓe wani ɗan fegi a gefe inda yake renon irin da ya tsira, ba ya barin ko kaza ta ratsa. Nan ya je. Ya tsaya yana shawara tsakanin irin citta biyu, tafin giwa mai kauri da yatsun biri siririya. Abin da ya tuna siriri ne, kuma yatsun biri ta fi cizo. In za a yi magani a yi mai ƙarfi, kwana uku kacal suka rage. Ya tono mafi kyau, ya wanke a rafi, ya dawo gida yana tafiyar mai albishir.

Da kansa ya wanke dutsen, da kansa ya durƙusa ya niƙa, abin da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya ɗauko ragowar zumar da ke kabad ɗin Afiniki ya zuba. Da ya ga kwaɓin ya yi ruwa sai ya ƙara citta. Ya ɗanɗana a harshe, idonsa ya kawo ruwa, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

"Auta! Fito ki ga maganin mamanki."

Hulda ta fito tana kallon kwanon da shakka. Ta shinshina ta ja da baya. "Baba, wannan ba citta ba ne?"

"Shi ne mana. Kowane Asabar shi take shafawa a wurin nan. Kin taɓa ganin ƙurji a fuskan mamanki?"

Ita dai ta tashi ta ga uwarta da fuska mai santsi, kuma ta tuna da ƙuruciya takan gan ta zaune a bayan kicin fuska shafe da wani abu. Da wani ne ya kawo mata kwanon nan da ta mayar masa. Amma an ce na Mama ne, kuma ga tsoho a gabanta gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ta zauna a kan turmi ta shafa, goshi, kumatu, haɓa, ba ta bar ko'ina ba.

Ba a yi minti biyu ba ta fara fifita da hannu.

"Baba, yana zafi."

"Aiki yake yi."

"Baba, yana zafi sosai fa."

"Citta na ne, ba na kasuwa ba. Mamanki tana zama da shi har ta gama tsince acca mudu ɗaya, ko uhm ba ta cewa."

Wannan maganar ce ta cuce ta. In Mama ta jure, ita wace ce? Ta cije leɓe, ta riƙe gefen turmi da hannu biyu, hawaye na gangarowa suna yin hanya cikin kwaɓin. Shi kuwa yana tsaye a kanta yana ba ta labarin yadda wannan irin ya tsira daga cuta alhali gonakin mutane sun ruɓe. Ta jure har inda ɗan adam zai iya jurewa, sannan ta zabura ta yi wurin randa, ta tsoma fuskar gaba ɗaya cikin bokitin ruwa.

Da gari ya waye ranar Juma'a, fuskar Hulda ta yi jawur ta kumbura kamar ƙosan da ya sha mai. Ƙurajen ba su tafi ko'ina ba, sun dai samu faɗin wuri. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta haɗa kayanta cikin jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce za ta koma Kafanchan in rana ta yi sanyi, ko bencin baya ma yanzu ba za ta iya ba.

Baba Yafet ya koma gindin mangwaro. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Amma abin da ya fi kunyar nauyi shi ne sanin cewa da hannunsa ya kashe abin da ya yi wata biyu yana jira. Ya dubi dutsen niƙan ya ce a ransa, Afiniki, ke wace irin fata Allah ya ba ki?

Yana nan zaune Mama Dinah ta shigo da sallama, ta zo kiran Hulda su je firaktis na waƙa. Doguwar mace ce mai jiki, ba ta shiga gida a hankali. Ta gaishe shi da "mijinmu", yadda ta saba tun Afiniki na amarya, ta wuce ɗaki kai tsaye. Sai ya ji ta saki salati irin nasu.

"Yesu mai ceto! Hulda, wa ya mare ki da tafasasshen ruwa?"

Aka yi ƙus-ƙus a ciki na ɗan lokaci. Sannan Mama Dinah ta fito, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Mijinmu. Citta?"

"Abin da ƙawarki take shafawa ne."

"Citta. A fuska. Yatsun biri ma."

"Na gani da idona, Dinah. Kowane Asabar."

Ta buɗe baki za ta yi magana, dariya ta riga ta. Ta yi dariya har ta dafa mangwaro, ta zauna a ƙasa, ta share ido da bakin zane. Shi kuwa ya yi kicin-kicin yana kallon wani wuri. Da ta samu numfashi ta miƙe ta kama hannun rigarsa, ta ce wa Hulda ta biyo su, ta ja shi har bayan kicin. A can kusa da magudanar ruwa akwai wata shuka mai faffaɗan ganye da ta yi gungu guda. Baba Yafet ya san ta. Sau biyu yana niyyar nome ta, yana fasawa saboda Afiniki ce ta dasa, ya ɗauka fulawa ce da ta ƙi yin fure.

Mama Dinah ta sa hannu ta tono, ta kakkaɓe ƙasar. Saiwa ce siririya mai yatsu-yatsu. Ta karya ɗaya ta kai masa har hanci. Cikinta rawaya ne mai duhu kamar gwaiduwar ƙwai, ƙamshinta kuma ba na citta ba ne ko kusa.

"Sarkin citta, mene ne wannan?"

Ya juya ta a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kurkur."

"Kurkur! Tare muka samo irin a kasuwan Kafanchan wajen wata Bafillatana. Kaɗan ake niƙawa da zuma, ba ya zafi, yana dai kwantar da su. Shekara talatin da takwas kana gida ɗaya da mace, ba ka san abin da take sa wa fuskanta ba."

Ya so ya ce ai kurkur ma ɗan uwan citta ne, ya dubi fuskar 'yarsa ya haɗiye maganar.

Mama Dinah ta juya wurin Hulda. "Ke kuma kar ki sa komai yanzu. Ruwan sanyi da zuma zalla, sai fatan ya huce. Kurkur sai wani sati. Kuma kar ki sa rai zai share su kamar an goge allo, mamanki ma bai share mata ba, ya dai rage. Sai da ta haifi na uku suka gaji suka tafi da kansu. Naki ai wasa ne. Na Afiniki har a wuya, har a bayan kunne. A makarantan Lahadi muna ce mata gurbin dara. Da su ta yi aure, da su ta fara ba da waƙa, gaban mutum ɗari uku a taron gunduma."

Hulda ta zaro ido. "Mama?"

Amma kafin ta ƙara wani abu Baba Yafet ya miƙe tsaye sosai. A yi masa dariya a kan citta, ya yarda, ya yi kuskure. Wannan kuwa ba zai ɗauka ba.

"Dinah, ki ji tsoron Allah. Matan nan ba ta nan balle ta kare kanta. Afiniki ba ta taɓa yin ƙurji ba."

"Me ka ce?"

"Ko ɗaya. Ni na aure ta. Ni na yi shekara biyu ina zuwa Samaru Kataf da keke wajenta. Fuskanta sumul."

"To me kake tsammani take yi wa magani kowane Asabar?"

"Kwalliyan Lahadi."

Mama Dinah ta dube shi ta ga ba wasa yake yi ba. Ta wuce falo, suka bi ta. A bango sama da rediyo akwai hoton aurensu, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a wani shagon hoto kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Yafet cikin kwat ɗin aro da ya yi masa yawa, Afiniki da farin mayafi tana dariya haƙora waje. Hoton ya daɗe a wurin har ba wanda ke kallonsa, sai dai a share masa yana ranar jajiberin Kirsimeti. Mama Dinah ta sauko da shi ta kai bakin taga ta miƙa wa Hulda.

Hulda ta kawo shi kusa da ido. Ga su nan kuwa. A goshi, a kumatu, a haɓa, daidai wuraren da nata suke, ko hodar amarci ba ta iya da su ba. Ta miƙa wa mahaifinta.

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi tsaki.

"Kashin ƙuda ne a kan gilas."

Ya hura wa gilashin iska, ya goge da hannun riga. Ya duba. Ya sa yawu a yatsa ya murza kumatun amaryar, ya sake gogewa da ƙarfi har firam ɗin ya yi ƙara. Ɗigon suna nan inda suke. Ya juya hoton baya ya buɗe 'yan ƙusoshin, ya zaro takardar daga cikin gilas, ya riƙe ta tsirara a hasken taga.

Ya tsaya haka, babban yatsansa a gefen fuskar, yana kallon yarinyar da ya yi wa zaryar shekara biyu.

Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "To ni ina nake kallo?"

Hulda ta fashe da dariya, fuskar ta yi mata zafi ta dafe kumatu, dariyar ta juye kuka, ta fita da sauri. Mama Dinah ta karɓi hoton ta mayar cikin gilas ta rataye, ta ce za ta gaya wa mata firaktis ya koma gobe, in ma akwai firaktis ɗin.

Rana ta yi sanyi, jakar na nan a bakin ƙofa. Ba a ɗauke ta an tafi ba, ba a kuma mayar da ita ɗaki ba. Baba Yafet ya yi ta ratsa ta yana shiga yana fita, yana tsoron ya taɓa ta, yana tsoron ya tambaya. Ranar Asabar ma haka. Da yamma ya leƙa bayan kicin ya hango Hulda zaune kusa da dutsen, fuska shafe da zuma, faifai a cinya tana tsince acca tana korar ƙuda. Kumburin ya sauka, fatar ta fara saɓulewa a kumatu. Ya kasa kunne ko zai ji tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Ba abin da ya ji sai ƙarar tsakuwa tana faɗawa cikin gwangwani. Ta ɗago ta gan shi.

"Baba, je ka. Harkan mata ne."

Ya juya da sauri, don kada ta ga abin da maganar ta yi masa.

Ranar Lahadi ya sa babbar rigarsa ya tafi coci shi kaɗai, domin Hulda ta ce ya yi gaba. Ya zauna a bencin dattawa. Aka yi addu'a, aka yi karatu, Fasto ya yi magana a kan Afiniki, yayyen Hulda da suka zo daga Kaduna da Jos suka tashi aka gan su. Baba Yafet yana ta waiwaye, bai ga autarsa a gaba ba, bai gan ta a baya ba. Aka kira Zumuntar Mata. Suka taso cikin zanensu iri ɗaya, masu tulu suka zauna suka gyara tulunansu tsakanin ƙafafu, masu caki suka jeru. Mama Dinah ta fito gaba ta karɓi makirfo ta yi gyaran murya. Ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa, to, Ubangiji, ni na jawo.

Sai ya ji coci ta ɗauki ƙus-ƙus. Ya ɗago. Hulda ce ta fito daga tsakiyar matan, ɗaure da zanen zumuntar uwarta, ba takunkumi, ba hoda, ɗankwalin ma ta tura shi baya. Mama Dinah ta miƙa mata makirfo ta koma layi. Wayoyi suka tashi sama kamar yadda ta faɗa.

Nan take Baba Yafet ya ɗauki aniya. An yi masa dariya sau ɗaya, ba za a sake ba. Ya ciro tabarau ya goge ya sa. Yau zai kalli fuskar nan da kyau, ya ga kowane ƙurji a inda yake, in Dinah ta tambaye shi ya ba ta amsa dalla-dalla.

Tulu ya yi gum, gum. Hulda ta ja numfashi ta ɗauko:

"Kaɗan na binne a ƙasa, ya Ubangiji, da yawa na tono. Wa ya yi aikin a ɓoye?"

Matan suka amsa, "In ba Kai ba, in ba Kai ba."

Ta shiga layi na biyu, inda kowa ke karyewa. Muryar ta ɗan girgiza, ta tsaya da ƙafarta, ta haye. Daga nan ba ta sake waiwaye ba. Tsofaffin mata a cikin jama'a suka miƙe suna rangaji, wata ta rangaɗa guɗa, waɗanda suka ɗaga waya da yawa suka manta suka sauke hannu suna amshi. Baba Yafet bai motsa ba, bai ƙifta ba. Ya ji muryar da ta yi shekara talatin da takwas tana tashinsa da safe ta cika cocin har rufi, ya ji daɗi da baƙin ciki sun haɗu masa wuri ɗaya, bai san wanda ya fi yawa ba.

Da aka tashi, jama'a suka yanyame Hulda a bakin ƙofa, wannan ta rungume, wannan ta ba ta shawarar wani ganye. Shi ya tsaya gefe a inuwa yana ninke tabarau. Mama Dinah ta ratso mutane ta zo, tana fifita da takardar tsarin sujada, bakinta ɗauke da tsokana tun daga nesa.

"To, mijinmu. Na ga ka sa gilas. Yau dai ka gan su ko?"

Ya buɗe baki da niyyar ba ta lissafi. Ya tsaya. Ya dubi inda Hulda take, ya dawo da ido kan Mama Dinah, fuskarsa cike da mamaki na gaskiya.

"Dinah, Allah ya sani na duba. Daga farko har ƙarshe ita nake kallo." Ya juya tabaran a hannu kamar laifinsu ne. "Ban ga komai ba."

Mama Dinah ta daina fifita. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta gyara masa wuyan rigarsa da ya karkace, ta ce ya zo su tafi gida, acca na jira.